Farantan Sola Huɗu da Kwantirola Ɗaya: Wane Haɗi Ya Dace da Yanayin Kebbi?

Wanda ya shiga kasuwar Birnin Kebbi ko ta Jega da niyyar haɗa sola a gidansa ko shagonsa yakan fara tambaya ne daga wat, wato faranti nawa zai saya, kuma wat nawa kowanne yake bayarwa. Da wuya a ji wanda ya fara da tambayar abin da kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, za ta iya ɗauka, alhali duk wutar da farantan suka samar ta cikinta take bi kafin ta isa batir, kuma ita ce ke fara lalacewa idan aka yi kuskuren lissafi. Shawara biyu ce ke gaban mai saye, kuma ba a yanke ɗaya a bar ɗaya: irin kwantirolar da zai ɗauka, da yadda za a haɗa farantan da juna domin su zauna cikin iyakarta da sanyin hunturu da kuma zafin bazara.

A bayan kowane faranti akwai takardar da kamfani ya liƙa, kuma lambobi huɗu ne a cikinta suke da muhimmanci ga wannan aiki. Voc shi ne bolt ɗin (ma'aunin ƙarfin tura wuta) da faranti ke nunawa idan rana ta haska shi alhali ba a jona masa komai ba, Vmp kuma shi ne bolt ɗin da yake tsayawa a kai lokacin da yake bayar da mafi yawan wutarsa. Isc shi ne ƙarshen amfiyar (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) da zai iya fitarwa, Imp kuma amfiyar da yake bayarwa a lokacin cikakken aiki. Babban faranti mai wat 550, irin wanda ya yawaita a kasuwa yanzu, lambobinsa sukan zo kusa da haka: Voc 49.6, Vmp 41.7, Isc 14, Imp 13.2. Da farantai huɗu masu waɗannan lambobi, jimillar wat 2200, za a yi duk lissafin da ke tafe, kuma wajibi ne mai karatu ya maye gurbinsu da abin da ke rubuce a bayan nasa farantin.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, an auna waɗannan lambobi ne a ɗakin gwaji, ƙarƙashin haske mai ƙarfin wat 1000 a kowace murabba'in mita, kuma zafin jikin farantin yana digiri 25 a ma'aunin Salshiyos. Faranti a kan rufin kwano a Kebbi ba ya zama a digiri 25 sai dai ya wuce ta kansa da safe. Idan jikinsa ya yi sanyi bolt ɗinsa yana hawa, idan ya yi zafi yana sauka, kuma ga irin wannan faranti Voc yakan motsa da kimanin kashi 0.27 cikin 100 a kowane digiri ɗaya. A watannin Disamba da Janairu sanyin asuba kan sauka zuwa digiri 15 ko ƙasa da haka, shi ya sa mai lissafi da taka-tsantsan zai ɗauki digiri 10 domin ya bar wa kansa sarari. A digiri 10, Voc na faranti ɗaya ya tashi daga 49.6 zuwa kimanin 51.6. A ɗaya ɓangaren kuma, a watannin Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da zafin iska ke haura digiri 40, jikin faranti kan kai digiri 65 da tsakar rana, inda Vmp zai sauko zuwa wajen 37, wat ɗin kuma ya ragu da kusan kashi 14 cikin 100. Saboda haka faranti ɗaya yana da lambobi biyu a wannan yanki, na safiyar hunturu da na azahar ɗin bazara, kuma dole ne haɗin da aka zaɓa ya jure duka biyun.

Ita ma kwantirola tana da iyaka biyu, amma ba nauyinsu ɗaya ba, kuma a ganina fahimtar wannan bambanci ita ce rabin aikin. Iyaka ta farko ita ce mafi yawan bolt ɗin da za ta karɓa daga farantai, ta biyu kuma mafi yawan amfiyar da za ta tura wa batir. Kamfanin Victron, mai ƙera kwantirola, ma a cikin sunan na'urar yake rubuta su, ta yadda 100/30 ke nufin bolt 100 a shiga da amfiya 30 a fita. Kwantirola iri biyu ce, PWM da MPPT, kuma MPPT ta gaskiya, idan farantai suka samar da fiye da amfiyar da aka ƙayyade mata, tana ɗaukar iya ƙarfinta ta bar sauran, asarar ba ta wuce ta wutar da ba a ci moriyarta ba. Bolt kuwa ba ta da hanyar rage shi kafin ya taɓa kayan cikinta, don haka haura iyaka da bolt uku ko huɗu na ɗan lokaci kaɗan yana iya lalata ta gaba ɗaya, kuma kamfanoni ba sa karɓar irin wannan lalacewa a cikin garanti.

Zaɓi na farko shi ne tsakanin PWM da MPPT. PWM tana jona faranti ne kai-tsaye da batir tana kunnawa tana kashewa da sauri, wanda ke tilasta wa faranti ya sauko zuwa bolt ɗin batir. Amfiyar tana nan yadda take, amma duk bolt ɗin da ya haura na batir ya tafi a banza. Idan aka ɗora farantin wat 550 a kan batir mai bolt 12 ta hanyar PWM, abin da zai shiga bai wuce amfiya 13.5 sau bolt 14 ba, kimanin wat 190, wato an biya kuɗin faranti cikakke ana cin kusan sulusinsa. A kan batir mai bolt 24 abin ya ɗan gyaru zuwa wajen wat 380. MPPT kuwa tana barin faranti ya tsaya a Vmp ɗinsa, sannan ta juya rarar bolt ɗin zuwa ƙarin amfiya, ta yadda kusan duk abin da faranti ya samar yana isa batir.

Duk da haka ba adalci ba ne a ce PWM ba ta da wuri. Mai cajin waya a ƙauyen da ke wajen Argungu, ko mai shagon da ke buƙatar ƙwai uku da fanka ɗaya, wanda yake da ƙaramin faranti mai ƙwayoyi 36 (ƙananan gidajen da ake gani a fuskar faranti) da batir ɗaya mai bolt 12, ba zai ga wani babban bambanci ba idan ya kashe kuɗin MPPT. Irin wannan faranti Vmp ɗinsa kimanin 18 ne, kuma zafin rufin Kebbi yana sauko da shi zuwa wajen 16, alhali batir yana caji a 14.4, don haka rarar da MPPT za ta ceto ba ta taka kara ta karya ba. Ga wannan mutum PWM mai kyau ta wadatar, ragowar kuɗin kuma ya fi amfani a batir ko a waya mai kauri. Sharaɗin kawai shi ne PWM ba ta rage amfiya yadda MPPT ke yi, saboda haka a tara Isc na duk farantan a ƙara kashi 25 cikin 100, a tabbatar jimillar ba ta haura lambar da ke jikinta ba. Wannan ƙari yana da dalili, domin da damina, idan rana ta ɓullo ta gefen gajimare bayan ruwa ya wanke faranti ya kuma sanyaya shi, hasken kan zarce wanda aka auna faranti da shi. Kuma a yi hattara da ƙananan na'urori marasa nauyi da ake rubuta MPPT a jikinsu alhali aikin PWM suke yi. Ta gaskiya tana da nauyi saboda naɗin jan ƙarfen da ke cikinta, kuma a lokacin caji bolt ɗin farantai da take nunawa yana sama da na batir sosai.

Sai kuma farantan nan huɗu, waɗanda za a iya haɗa su ta hanyoyi uku. A haɗin jere, wanda masu aikin ke kira siris, inda ake jona jan wayar faranti ɗaya da baƙar wayar na gaba, bolt yana taruwa amfiya ta tsaya ta faranti ɗaya. A haɗin faralel kuwa, inda ake haɗa jajayen wayoyi wuri ɗaya baƙaƙe wuri ɗaya, amfiya ce ke taruwa, bolt ya tsaya na faranti ɗaya.

Hanya ta farko ita ce a sa duka huɗun a faralel. Bolt ɗin ba zai wuce 52 ba ko da sanyi, don haka babu fargabar haura iyaka, amma amfiyar ta kai 52.8 a lokacin aiki, Isc kuma 56, wanda da ƙarin kashi 25 cikin 100 ya zama 70. PWM mai amfiya 60 ta gaza ke nan, kuma ko an samo wadda ta fi ta girma, a kan batir mai bolt 24 wajen wat 1500 kawai za a samu daga cikin 2200. Idan MPPT aka sa, tazarar da ke tsakanin Vmp na bazara, wato 37, da bolt 28.8 na cikar batir ta yi ƙanƙanta, musamman bayan an cire abin da waya ta cinye. A kan batir mai bolt 48 kuwa wannan haɗi ba zai yi caji ba sam, domin galibin kwantirolar MPPT rage bolt suke yi ba ƙarawa ba, har ma Victron ta bayyana cewa nata ba sa fara aiki sai bolt ɗin farantai ya haura na batir da 5. Ban da haka, duk inda layuka uku ko fiye suka haɗu a faralel, kowane layi yana buƙatar fis ɗinsa, wato abin da ke yanke wuta idan amfiya ta yi yawa, don kada sauran su juyo da wutarsu cikin wanda ya samu matsala.

Hanya ta biyu, wadda mafi yawan masu haɗawa ke bi, ita ce biyu-biyu: farantai biyu a jere, sannan a haɗa jeren biyu a faralel. A nan ne tarkon yake, kuma ya kamata a tsaya a kansa. Voc na farantai biyu a takarda shi ne 99.2, don haka mai saye ya ga kwantirola mai bolt 100 sai ya ce ta yi daidai, mai shago ma ya gyaɗa kai. Tazarar da ta rage ba ta kai bolt ɗaya ba, kuma saukar digiri uku kawai ta isa ta cinye ta, ma'ana da zarar jikin faranti ya yi ƙasa da digiri 22 an fita daga iyaka. A digiri 15 jeren yana kusan 102, a digiri 10 ya haura 103. Wani zai ce ya ga irin wannan haɗi yana aiki wata da watanni ba abin da ya same shi, kuma gaskiya ya faɗa, domin da asuba hasken ba shi da ƙarfi, bolt ɗin bai kai na takarda ba, da rana ta ɗaga kuma farantin ya ɗumama. Amma bolt yana hawa kusa da ƙarshensa da ɗan haske kaɗan, kuma ana samun safiyar da sama ta washe, iskar hunturu tana kaɗawa tana sanyaya faranti, batir kuma a cike yake saboda an samu wutar gari da dare, ta yadda kwantirola ba ta jan komai, farantan suna tsaye a Voc. Safiya ɗaya irin wannan ta isa. Kamfanin EPEVER ya fito da wannan a fili a takardar kwantirolarsa ta Tracer mai bolt 100, inda ya rubuta cewa a digiri 25 kada a wuce 92. Da wannan ma'auni, 99.2 ya fita tun kafin a yi maganar hunturu.

Saboda haka haɗin biyu-biyu na manyan farantai abokinsa kwantirola mai bolt 150 ne, kuma a kanta yana zama lafiya, da tazarar da ta haura bolt 40 ko a safiya mafi sanyi. Da zafi kuma Vmp na jeren yana saukowa zuwa wajen 73, wanda har yanzu yana sama da abin da batir mai bolt 48 ke buƙata. Abin da ya rage shi ne amfiya. Kwantirola mai amfiya 60 a kan batir mai bolt 24 iyakarta wajen wat 1700, ƙasa da 2200 na farantan, kuma wannan kan tsorata wasu ba tare da dalili ba. Zafin bazara shi kaɗai ya mayar da 2200 zuwa kimanin 1890, ƙura da waya sun ƙara ragewa, don haka abin da kwantirolar za ta bari ɗan kaɗan ne, na ɗan lokaci da tsakar rana, alhali rarar farantan tana amfani da safe da yamma da ranakun da hazo ya rufe sama. Sai dai a duba littafin na'urar, domin akwai iyakar Isc ko ta wat da kamfani ya halatta a ɓangaren shiga, kuma haɗin biyu-biyu Isc ɗinsa 28 ne. A kan batir mai bolt 48 maganar ma ba ta taso ba, domin wat 2200 bai kai amfiya 60 ba, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa wanda farantansa suka haura wat 2000 ya fi dacewa ya koma bolt 48.

Kwantirola mai bolt 150 ita ma tana da nata tarkon. Wanda ya sayi farantai uku, ko shida, zai so ya jera uku-uku, domin 148.8 yana ƙasa da 150. Kuskure ɗaya ne da na baya, tun da a digiri 10 jeren ya kai kusan 155. Da farantai masu wannan Voc, bolt 150 na jeren biyu ne kawai, jeren uku kuma sai mai bolt 200 ko 250.

Hanya ta uku ita ce duka huɗun a jere ɗaya, Voc 198.4 a takarda, kimanin 206 da sanyi, amfiya kuma 13.2 kacal. Wannan yana buƙatar kwantirola mai bolt 250, ko kuma inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin wutar gari) mai haɗe da MPPT a ciki, irin waɗanda ke karɓar har bolt 450 ko 500. Da irin wannan inbata hankali ya koma ƙasan iyaka, domin da yawansu suna da bolt ɗin da ba sa aiki sosai ƙasa da shi, misali 120. Jeren huɗu da zafin bazara yana wajen 147, ya tsallake. Jeren uku kuwa yana saukowa zuwa wajen 110, sai mai gida ya ga caji ya yi rauni da azahar, daidai lokacin da rana ta fi ƙarfi, ya ɗora laifi a kan farantai ko batir. Manoman shinkafa da ke ɗaga ruwa da famfon sola a fadamun Argungu da Suru suna ƙarƙashin wannan ƙa'ida, domin na'urar famfon ma tana da bolt na sama da na ƙasa. Ba duk inbata mai MPPT a ciki ba ne ke karɓar bolt mai yawa, akwai waɗanda iyakarsu 145 ko ƙasa da haka, kuma a ido kamarsu ɗaya, sai an karanta takardar da ke gefe.

Waya ita ce ke raba gardama tsakanin hanyoyin uku, domin asarar da ake yi a cikinta tana ninkuwa huɗu duk lokacin da amfiya ta ninka biyu. A ɗauka tazarar rufi zuwa ɗakin batir mita 20 ce, zuwa da dawowa mita 40, da wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita 6 murabba'i. Jeren huɗu zai yi asarar kimanin wat 21, haɗin biyu-biyu wat 84, faralel huɗu kuma sama da wat 330, fiye da rabin faranti guda yana tafiya a matsayin zafi a jikin waya, ban da haɗarin gobara. Don a rage wannan sai an sayi waya mai kauri ƙwarai, kuma kuɗinta yakan cinye rangwamen da aka samu wajen sayen PWM.

Inda jere ke da rauni shi ne inuwa. Amfiyar jere ɗaya ce daga farkonsa zuwa ƙarshensa, don haka reshen dogonyaro, tankin ruwa ko dish da ya rufe wani sashe na faranti ɗaya yana taɓa layin duka, ko da yake diyod uku da ke cikin akwatin bayan faranti suna ba wuta hanyar kewaye sashen da ya rufu. Ƙurar hunturu da ke taruwa a gefen ƙasa na faranti, da kashin tsuntsaye, suna yin irin wannan illa a hankali. Gidan da ke da inuwar da ba za a iya kawarwa ba ya fi dacewa da biyu-biyu, a sa farantan da inuwa ke taɓawa a jere ɗaya, ɗaya jeren ya ci gaba da aikinsa. Haka nan bolt 200 na wutar DC, irin wadda faranti da batir ke bayarwa, yana iya kisa, kuma tartsatsinsa ba ya mutuwa da sauƙi kamar na wutar gari, saboda haka birakar yanke wuta ta AC, wato ta wutar gari, ba ta dace da wannan layi ba, sai ta DC wadda aka rubuta mata bolt ɗin da ya haura na jeren.

Batir ma yana da tasa iyakar. Batura biyu na ruwa masu 220Ah (Ah shi ne ma'aunin girman batir) da aka jera don samun bolt 24 har yanzu 220Ah ne, kuma irinsu an fi so a caje su da amfiyar da ba ta yi nisa da kashi ɗaya cikin goma na girmansu ba, wato wajen amfiya 22. Amfiya 60 a kansu, a ɗakin da zafi ya riga ya cika, tana ƙafar da ruwansu tana rage musu kwana, sai dai idan kayan gida suna jan wani kaso da rana ko an rage amfiyar a saitin kwantirola. Batir na litiyam yana ɗaukar fiye da haka, amma shi ma akwai lambar da na'urar kariyarsa ba ta yarda a wuce ba.

Idan aka auna duka, ga mai farantai huɗu masu wat 550 da batir daban da inbata daban, haɗin biyu-biyu a kan MPPT mai bolt 150 da amfiya 60 shi ne na fi amincewa da shi, kuma yana barin hanyar ƙara wani jeren biyu nan gaba idan batir mai bolt 48 ne, matuƙar an sa fis kuma Isc bai haura abin da kamfani ya halatta ba. Wanda rufinsa ke nesa da ɗakin batir, babu inuwa, kuma inbatarsa tana karɓar bolt mai yawa, jeren huɗu ya fi masa sauƙin waya da ƙarancin asara. Faralel huɗu a kan PWM ba shi da hujja da manyan farantai, kuma jeren biyu a kan bolt 100 ko jeren uku a kan bolt 150 bai kamata a karɓe shi daga kowane mai haɗawa ba, komai ƙwarewarsa. Mai ƙara sabon faranti a kan tsofaffi ya tuna cewa a jere mai ƙaramar amfiya ne ke jan sauran ƙasa, a faralel kuma sai Vmp ɗinsu ya yi kusa da juna. Ranar haɗawa, a auna Voc na kowane jere da na'urar auna bolt da safe kafin a jona shi, a tabbatar wayar ja da baƙa ba su juya ba, a fara jona batir a jikin kwantirola don ta gane bolt ɗinsa, sannan a rufe birakar farantai, idan kuma za a kwance a fara cire farantai kafin batir.